Daga Kuge Zuwa Oba-Oba: Yadda Labarin Gobara Ke Isowa Unguwanninmu

A 'yan kwanakin nan wata magana tana ta yawo a tsakanin samarinmu masu sintirin dare. Cewa suke yi da ƙungiya za ta sayo musu na'urar nan da ke kamo hirar 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ta iska, da sun riƙa sanin abin da ke faruwa tun kafin ya iso mu. Niyyarsu mai kyau ce, ba shakka. Amma kafin a taɓa asusu, ya kyautu mu waiwaya mu ga yadda labarin gobara da na ɓarayi ya saba isowa kunnenmu a wannan ƙasa. Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya.

Mu fara da sunan garin kansa. Abuja ta asali ita ce Suleja ta yau. Sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka yo kudu a zamanin jihadi, har Sarki Abu Ja ya kafa garinsa a 1828, aka yi masa ganuwa. A irin waɗannan garuruwa, ba a ɓoye wa talaka labarin haɗari. In yaƙi ya taso, a buga tambari ko kuge. In sarki na da saƙo, sankira ya bi kasuwa da lunguna yana shela. In kuwa wuta ce ta kama, ba a jiran fada. Wanda ya fara gani shi zai kwarma ihu, mata su ɗauka, maza su fito da tulu da ƙasa da ɗanyen ganye. Kowa ya ji, kowa ya fito, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Zuwan Turawa ne ya kawo wani sabon tsari, inda saƙon hukuma ke bin hanyar da talaka ba ya jin ta. Da farko wayar tangaraho ce, daga baya aka sami wayar iska. An kafa sashen kashe gobara a Ikko a 1901 a ƙarƙashin 'yan sanda, sai a 1963 doka ta ba shi gashin kansa. Ita kuwa rundunar 'yan sandan Nijeriya a 1930 aka haɗe ta Arewa da ta Kudu ta zama ɗaya. Mu a Arewa dogarai da 'yan doka muka fi sani, su ma kayan aikinsu bai wuce usur da kulki da keke ba, har aka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya bayan juyin mulkin 1966.

Ita wannan na'ura da samarinmu ke magana, asalinta daga Amurka ne. A birnin Ditiroit 'yan sanda suka fara aika saƙo zuwa motocinsu ta rediyo a kai a kai tun 1928, kuma a wancan lokaci mai akwatin rediyo a gida yakan iya tsintar maganarsu. A 1968 wani kamfani ya fito da akwati mai suna Bearcat, wanda ke bin zango-zango da kansa yana lalube, in ya ji murya ya tsaya, in aka yi shiru ya wuce. Shi ne Turawa ke kira sikana. 'Yan jarida da masu sa-kai wajen kashe gobara suka yi ta saye. A Ingila kuwa doka ba ta yarda ba tun 1949, kuma daga baya 'yan sandansu suka koma magana ta na'urorin zamani masu murɗe murya, ta yadda ko ka kamo zangon ba za ka fahimci komai ba. A Amurkan ma birane da yawa sun bi wannan hanya.

Mu a nan sawun Ingila muka bi. Dokar wayar iska ta 1961 ta ce sai da lasisi ake kafa ko amfani da na'urar aika saƙo ta iska, ta kuma hana mutum ya sa na'ura don jin saƙon da ba shi aka aika wa ba, ba tare da izini ba. Watau ke nan, saurayin da aka kama da irin wannan akwati a tsakar dare, ba a matsayin ɗan sintiri zai kwana a caji ofis ba. A garin da ya ga abin da Abuja ta gani, za a fara tambayarsa wa ya aiko shi.

To, yaya muka yi a farkon zamanmu? In ba a manta ba, ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed, Allah ya jiƙansa, ya ba da sanarwar sabon babban birni bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Kwana goma bayan haka aka kashe shi, kuma ta akwatin rediyo muka ji muryar Dimka. Da aikin gini ya kankama wajen 1980, sai mutanenmu suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, har da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram: leburori, masu gadi, mahauta, masu shayi, 'yan ga-ruwa, direbobin tifa. Aka zauna a Nyanya da ƙauyen Garki da Karmo da Gwagwa da Mabushi, yawanci cikin ɗakunan katako da kwano.

A nan ne da yawanmu suka fara ganin oba-oba da idonsu, a hannun jami'an manyan kamfanonin gini da kuma 'yan sanda. Sunan ma daga bakinsu muka tsince shi, don kullum in mutum ya gama magana sai ya faɗi kalmar nan ta Turanci, ɗan'uwansa ya amsa da ita. Masu gadinmu kan ji ƙararta a bakin ƙofa, amma ba tamu ba ce. Namu rediyon shi ne wanda ke rataye a kafaɗa: Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, sashen Hausa na BBC tun 1957, Muryar Jamus, da Muryar Amurka da ta fara Hausa a 1979. Sai ka ga mai shayi ya san abin da ke gudana a Bagadaza, amma in risho ya kama a layin bayansa, sai ihu ya sanar da shi.

Ko bayan da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, a zamanin Janar Babangida, abin bai sake zani ba a unguwanninmu. Wayar NITEL ta ofisoshi ce da gidajen manya. Akwai lambar gaggawa ta 199, amma ina wayar da za ka buga? Sai dai a tura mai babur ya je ya kira motar kwana-kwana, kafin nan ladan ya buɗe lasifikar masallaci, 'yan ga-ruwa su turo kurarsu. Sau da yawa su ne ke cin ƙarfin wutar kafin a ji jiniya. Allah ya saka musu da alheri.

Babban canji ya zo ne a watan Agusta 2001, lokacin da wayar salula ta fara aiki. A karon farko talaka ya sami hanyar da zai kira hukuma daga inda yake tsaye. Ita ma gwamnati ta yi yunƙurinta. A 2010 ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 don kafa kyamarori a Abuja da Ikko da kuma keɓantacciyar hanyar sadarwa ta jami'an tsaro. Aikin bai yi amfanin da aka sa rai ba, har majalisa ta yi ta bincike a kansa. A shekarun nan ne bama-bamai suka tashi kusa da Dandalin Eagle ranar 1 ga Oktoba 2010, da hedikwatar 'yan sanda ranar 16 ga Yuni 2011, da ginin Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 26 ga Agusta 2011, sannan tashar motar Nyanya ranar 14 ga Afrilu 2014, inda muka rasa 'yan'uwa masu neman halaliyarsu. Allah ya gafarta musu. A duk waɗannan, mutanen da ke wurin ne suka fara kai ɗauki, kuma su ne suka fara buga waya.

Daga bisani hukumar sadarwa ta NCC ta kafa cibiyoyin karɓar kiran gaggawa, kuma a 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ta Abuja da lambar 112. Kiran kyauta ne, cibiyar ce ke miƙa shi ga 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko jami'an kiyaye haɗurra.

Wanda duk ya bi wannan tarihi zai ga cewa ba rashin jin maganar hukuma ne ya taɓa cutar da mu ba. Labarin wuta daga wajenmu yake tashi, mu ne masu shi tun farko. Abin da ya sha cinye mana dukiya shi ne jinkiri kafin hukuma ta ji mu, da kuma wahalar da take sha kafin ta same mu. Mota ta taso, amma layi ba suna, mai kira ya ruɗe ya kasa kwatance, ga tebura da rumfuna sun cushe hanya.

Saboda haka shawararmu ita ce, kuɗin da za a sa a akwatin da zai jawo mana fitina, a sa shi inda zai yi amfani. A rubuta 112 da lambar DPO da ta tashar kwana-kwana mafi kusa a bangon kowane masallaci da makarantar allo. A sa wa layukanmu suna da alama, kowane mai gida ya koya wa iyalinsa kwatancen gidansu daga babban titi. Sarkin Hausawa da masu unguwa su kai sunayen 'yan sintirinmu caji ofis a san da su. In ana son oba-oba don su riƙa magana a tsakaninsu, a nemi izini ta hanyar da doka ta tanada. Shugabannin kasuwa kuma su ga cewa an bar hanyar da mota za ta shiga, an ajiye bokitan yashi da tukunyar kashe wuta, musamman in hunturu ya kama.

Kakanninmu da kuge da ihu suka tsare garuruwansu, don kowa ya ɗauki gidan maƙwabcinsa tamkar nasa. Wannan ba a sayar da shi a kasuwa. Allah ya kiyashe mu gobara da sharrin dare, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, amin.