Kiɗan da Ya Tashi a Cikin Hayaƙin Birmingham

A ranar 5 ga watan Yuli, 2025, dubun dubatar mutane suka cika filin ƙwallo na Villa Park da ke unguwar Aston a birnin Birmingham na Ingila, don kallon wasan bankwana na ƙungiyar Black Sabbath. Mawaƙinsu, Ozzy Osbourne, a zaune ya yi waƙa saboda ciwo ya hana shi tsayuwa. Bayan kwana 17 ya rasu. Daga filin zuwa gidan da ya tashi tafiyar ƙafa ce, kuma sauran abokansa uku, Tony Iommi da Geezer Butler da Bill Ward, duk a wannan unguwa suka girma. A nan aka haifi kiɗan hebi metal.

Aston ta lokacin ƙuruciyarsu unguwar leburori ce. Jiragen Jamus sun yi wa Birmingham ruwan bama-bamai a yaƙin duniya na biyu domin cibiyar ƙera makamai ce, har yaran da aka haifa a 1948 da 1949 suka buɗi ido suka tarar da kangaye a matsayin filin wasansu. Yaro yana cika shekara 15 doka ta ba shi damar barin makaranta, kuma kowa ya san inda ya nufa: masana'antar da ubansa yake aiki, ko ta kusa da ita.

Gidan su Ozzy haka yake. Mahaifinsa maƙerin kayan aiki ne mai aikin dare a kamfanin GEC, mahaifiyarsa tana aikin rana a kamfanin Lucas mai haɗa kayan mota, ga 'ya'ya shida a ɗan ƙaramin gida. Shi kansa ya yi aikin gwada hon na mota, ya yi aiki a kwata, har ya yi zaman mako shida a gidan yarin Winson Green saboda fasa shago.

Labarin Iommi ne ya fi shafar kiɗan kai tsaye. Yana da shekara 17, yana aiki a wata masana'antar fallayen ƙarfe, ya riga ya yanke shawarar barin aikin ya koma kaɗa jita. A ranarsa ta ƙarshe aka ɗora shi kan injin da bai saba da shi ba, injin ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuwa bahago ne, da wannan hannun yake danna tsirkiya. Ya fid da rai ke nan sai wani shugabansa na wurin aiki ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jita da wuta ta nakasa masa yatsu biyu amma bai daina kiɗa ba. Iommi ya samo kwalbar roba ta sabulun wanke-wanke, ya narkar, ya siffanta ta daidai kan yatsunsa, ya manna mata fata don kada ta zame. Ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi. Daga baya, a faifansu na 1971 mai suna Master of Reality, ya sassauta ɗaurin tsirkiyoyin don su rage yi masa zafi, sai amon ya yi ƙasa, ya yi kauri da nauyi. Dabara ce irin ta mai aikin hannu, wanda in kaya sun ƙi sai ya ƙera nasa, kuma makaɗa marasa iyaka sun bi sawunta ba tare da sun rasa ko da farce ba.

Su huɗun sun haɗu a 1968, suna kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka a mashaya da ƙananan zauruka. A lokacin waƙoƙin da ke tashe daga San Francisco na furanni ne da soyayya da zaman lafiya, abin da bai yi kama da rayuwar Aston ba ko kaɗan. Sai suka lura mutane na biyan kuɗi su shiga silima a tsorata su, suka ce me zai hana a yi kiɗa mai ban tsoro. A 1969 suka ɗauki sunan Black Sabbath daga wani fim na 1963 da Boris Karloff ya fito a ciki. Faifansu na farko a yini ɗaya suka naɗe shi a Landan, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1970, ya kai mataki na takwas a kasuwar Birtaniya. Na biyu, Paranoid, ya hau na ɗaya a wannan shekarar.

Masu sharhi a jaridu sun kushe su iya kushewa, kuma akwai ƙanshin raini na masu ilimi ga 'ya'yan talakawa a cikin wannan kushe. An kuma zarge su da bautar shaiɗan. Gaskiya sun yi wasa da siffofi masu tayar da hankali, kuma wanda abin ya dame shi yana da hujja. Sai dai Butler, mai rubuta yawancin baitocin, ɗan gidan Katolika ne 'yan asalin Ayalan, kuma abin da ya fi cin ransa shi ne yaƙi. Waƙar War Pigs kan shugabannin da ke kunna wuta su tura talakawa su mutu a ciki take. Manyan gicciyen da suka fara ratayawa a wuya ma mahaifin Ozzy ne ya ƙera musu.

Mai karatu ya san kiɗan sana'a, kalangu ga mahauta, dundufa ga maƙera. Waɗancan zuga mai sana'a suke yi. Na Birmingham kuwa samarin da ke neman hanyar tsere wa sana'ar ne suka ƙago shi, duk da haka bugun gudumar ya biyo su. Rob Halford na ƙungiyar Judas Priest, wanda ya tashi a Walsall, ya sha ba da labarin yadda yake wucewa ta gaban ma'aikatar narka ƙarfe a hanyar makaranta yana shaƙar hayaƙi, da yadda dukan injuna ke girgiza teburan ajinsu. Makaɗin jitarsu, Glenn Tipton, ya yi aiki a kamfanin British Steel. Ko Led Zeppelin, wadda Jimmy Page ya kafa daga Landan, mawaƙinta Robert Plant haifaffen West Bromwich ne, mai ganga John Bonham kuma na Redditch.

A ƙarshen shekarun 1970 wasu sababbin jini suka taso, har jaridar Sounds ta raɗa musu suna a 1979. Iron Maiden daga gabashin Landan take. Saxon daga Barnsley, ƙasar kwal, inda mawaƙinsu Biff Byford ya taɓa aiki a mahaƙa. Def Leppard kuwa a wani ɗaki na masana'antar cokula a Sheffield suka fara atisaye, kuma da kuɗin da mahaifin mawaƙinsu ya ranta musu suka buga faifansu na farko, ba su jira kamfani ba.

A zamanin waɗannan kuwa, masana'antun da ake guje wa ma ana ta rufe su. A farkon 1980 ma'aikatan ƙarfe suka yi yajin aiki na wata uku. Ana janye shi, a watan Afrilu, Judas Priest ta fitar da faifai mai suna British Steel, kuma waƙar da ta fi shahara a ciki, Breaking the Law, da bakin wanda ya rasa aiki take magana. Zuwa Janairun 1982, a zamanin Firaminista Margaret Thatcher, marasa aikin yi a Birtaniya sun haura miliyan uku.