Tarihin Awon Jini a Cutar Kumburin Jijiyoyin Jini

Kumburin jijiyoyin jini rukunin cututtuka ne da garkuwar jiki ke juyawa ta afka wa bangon hanyoyin da jini ke bi, har su ƙuntace ko su toshe. Ƙoda, huhu, fata da hanci ne suka fi shan wahala. Likitoci biyu na Jamus, Adolf Kussmaul da Rudolf Maier, su ne suka fara bayyana cutar dalla-dalla a 1866, bayan sun buɗe gawar wani saurayi suka tarar da ƙulle-ƙulle a jikin jijiyoyinsa. Daga nan sai da aka shafe shekara fiye da 100 ana neman alamar da za ta tona cutar tun mai ita yana da rai.

Awon farko bai san wannan cuta da sunanta ba. A 1897 Edmund Biernacki, likita a Folan, ya lura jajayen ƙwayoyin jinin mara lafiya sun fi na mai lafiya saurin kwantawa, sai Alf Westergren na Suwidin ya daidaita hanyar a 1921. Ana zuba jini a siririn bututun gilashi mai ma'aunin milimita 200, a tsayar da shi cak, bayan awa 1 a duba tsawon ruwan da ya taso sama. Shi ne VS a takardun likitocin Nijar. A 1930 William Tillett da Thomas Francis suka gano sinadarin CRP a jinin masu ciwon huhu a Amurka. Duka biyun suna cewa akwai wuta a gida, ba sa faɗin ɗakin da ta kama.

Babban sauyi ya zo a 1982, lokacin da Davies da abokan aikinsa a Ostareliya suka ga wani makamin garkuwa da ke manne wa fararen ƙwayoyin jini a mutum 8 masu ciwon ƙoda. Ba a damu da rahoton sosai ba sai 1985, da van der Woude na Holan ya danganta shi da nau'in kumburin jijiyoyin da Friedrich Wegener ya bayyana a 1936. Aka sa masa suna ANCA. A ƙarƙashin madubin likita mai haske na musamman, ƙwayar kan yi ƙyallin kore, ko dai a duk cikinta ko a kewayen tsakiyarta kaɗai. A 1988 Ronald Falk da Charles Jennette suka gano furotin MPO ne ake kai wa hari a kashi na biyu, ba da jimawa ba aka gano PR3 a na farko. Taron Chapel Hill na 1994 ya tsara sunayen cututtukan, aka sabunta su a 2012. An kuma cire sunan Wegener a 2011 saboda alaƙarsa da 'yan Nazi.

Darajar awon ANCA tana ga lokacin da yake ceto. Wani nazari na 1958 ya nuna masu cutar Wegener da ba su samu magani ba kan rayu wajen wata 5 ne kacal.

Sai dai an gina waɗannan awo ne a ƙasashen da cututtuka masu yaɗuwa suka ja baya, kuma karanta su a gari irin Matameye wani aiki ne daban. Da damina, zazzaɓin cizon sauro kaɗai ya isa ya ɗaga CRP. Tarin fuka kan ɗaga VS, har yakan sa ANCA ya fito a jinin wanda ba shi da cutar, haka ma kuturta da atinin amiba. Mai sikila kuwa nasa akasin haka ne: ƙwayoyin jininsa masu lanƙwasa ba sa jeruwa su kwanta, don haka VS ɗinsa kan fito ƙasa ko da jikinsa na ci da kumburi. Awon ANCA kansa aikin manyan ɗakunan awo ne, mara lafiyar da ya gagari asibitin gunduma kuwa babban asibitin Damagaram ake tura shi.

Akwai alamar da ta fi kusa da mu. A 1970 David Gocke a Amurka da Christian Trépo a Faransa suka nuna ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana haddasa irin kumburin da Kussmaul ya gani. Wannan ƙwaya ta yi katutu a yankin Sahel, Nijar kuwa ta shigar da rigakafinta cikin allurar jarirai a 2008.

Maganin kumburin jijiyoyi danne garkuwar jiki yake yi, wanda kan tayar da tarin fuka ko ciwon hanta da ke kwance. Saboda haka a ƙasar Hausa, awon majina, awon hanta da duba fitsari don neman jini ko furotin su ne ke gaban ANCA, kuma duk likitan da ya tsallake su ya yi ganganci.