Keke da dabba: tarihin wani tunani, da yadda ƙasar Ƙonni da Illela ta sarrafa shi

Gabatarwa

Kalmar keke a Hausa tana da faɗi ƙwarai. Akwai keken hawa, da keken ɗinki, da keken rubutu, da keken guragu, da keken shanu, da keken jaki. Duk abin da ke da gargare yana juyawa, Bahaushe ya sa shi cikin gida ɗaya, ko ƙafar mutum ke motsa shi, ko wuyan sa. A wannan ɗan rubutu muna so mu bi sawun wani tsohon tunani, wato a haɗa dabba da keke su zama abin hawa guda. Za mu duba inda aka gwada shi, da dalilin faɗuwarsa, sannan mu komo gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa, mu ga hanyar da manoma suka bi. Daga ƙarshe za mu faɗi abin da wannan tarihi ke nunawa ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci.

1. Gwajin da aka yi a Turai

A 1817 wani Bajamushe, Karl Drais, ya ƙera abin hawa mai ƙafa biyu a birnin Manhaim, wanda mahayi ke turawa da tafin ƙafarsa a ƙasa. Feda ta zo daga baya, a Faris, cikin shekarun 1860, a maƙerar Michaux. Keken da muka sani yau, mai sarƙa da ƙafafu biyu daidai wa daida, John Kemp Starley ya fitar da shi a Ingila a 1885, kuma a 1888 Dunlop ya sa wa keke tayar iska.

A cikin wannan zamani wasu maƙera sun bi wata hanya dabam. Maimakon doki ya ja keke daga gaba, sai suka ɗora shi bisa keken, yana taka wani dabe mai zagayawa, daben kuwa yana juya ƙafafun. A gasar jiragen ƙasa da aka yi a Renhil, kusa da Libaful, a 1829, Thomas Brandreth ya shiga da irin wannan na'ura mai suna Cycloped. Ba ta kai ko'ina ba. Jirgin tururi na Stephenson, mai suna Rocket, shi ya ci gasar. A 1850 wani Ba'italiye, Clemente Masserano, ya sake gwadawa a Landan da na'urarsa Impulsoria. A 1875 kuma, a Faransa, Huret ya yi keke mai ƙafa uku wanda karnuka biyu ke gudu cikin manyan ƙafafunsa na baya.

Dalilin faɗuwar waɗannan gwaje-gwaje ɗaya ne, kuma duk mai jaki zai gane shi. Dabbar da ke tafiya a ƙasa, ita ke ɗauke da kanta, ƙarfin da ya rage sai ya tafi ga kaya. In aka ɗora ta bisa keke, ta zama kaya ita ma: sai ta tura nauyinta, da nauyin daben, da na ƙarafa, ga kuma ƙarfin da ke ɓacewa wurin gugar sarƙa da haƙoran ƙarfe. Mutum ya ci ribar feda domin keken hawa ya fi mahayinsa rashin nauyi nesa ba kusa ba, kuma mutum na iya daidaita kansa bisa ƙafa biyu. Wannan riba ba ta samuwa ga doki ko sa.

2. Ƙasar Hausa kafin zuwan gargare

A duwatsun Ayar akwai zanen kekunan dawaki na mutanen dā, amma wannan sana'a ta ɓace tun da daɗewa. Masanin tarihi Robin Law ya nuna a 1980 cewa kafin mulkin mallaka Afirka ta Yamma ba ta dogara ga keke wajen sufuri ba. Fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro, da ayarin gishirin Bilma, da masu kai gero kasuwannin Adar, duka a bayan dabba suke ɗora kaya: jaki da mangala, takarkari, raƙumi. Ko jan ruwa a rijiyoyi masu zurfi, dabba tana tafiya ne a ƙasa da igiyar wasaki a bayanta. Hanyoyi ƙanana ne, ga rairayi, ga dutsen Adar, ga ƙoramai da damina. Bayan jaki ya fi gargare dacewa da irin wannan ƙasa. Saboda haka keken hawa da mota da amalanke duk sun shigo ne cikin ƙarni na 20, kusan a jere, bayan Faransawa sun kafa mulkinsu.

3. Amalanke a Adar da Magiya

A arewacin Najeriya Turawan Ingila sun fara koya wa manoma noman shanu tun ƙarshen shekarun 1920. A Nijar abin ya bunƙasa ne bayan samun ƴancin kai a 1960, ta hanyar bashi. An kafa UNCC, hukumar ƙungiyoyin manoma, a 1962, da bankin manoma CNCA a 1967. Manomi na karɓar shanu biyu da galma da amalanke, ya biya cikin ƴan shekaru, galibi da kuɗin auduga ko gujiya. An buɗe maƙerun gwamnati domin ƙera kayan: ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram, SEFAMAG a Maraɗi.

Ƙasar Ƙonni ta sami wasu dalilai nata. Masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki a 1966. Gandarin Ƙonni, wanda ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango a kan Magiya, an gina shi kashi biyu tsakanin 1976 da 1982, faɗinsa ya haura hekta 2400. Albasar Galmi ta yi suna har bakin teku. Buhunan albasa, da taki, da kara, da tubali, da gangar ruwa, duka suna bukatar abin ɗauka daga gona zuwa bakin kwalta. Jakin da ke ɗaukar buhu ɗaya a bayansa, in aka ɗaura masa keke mai tayar iska zai ja buhu huɗu ko biyar a hanya mai kyau. Nan ne ƙirƙirar Dunlop ta haɗu da dabba, shekaru kusan tamanin bayan an yi ta domin keken hawa.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe shanu masu yawa, bashi ya tsaya a wuyan manoma, tsarin CNCA ya durƙushe cikin shekarun 1980. Galma da yawa an jingine su. Amalanke kuwa ta tsira, domin galma aikinta na ƴan makonni ne da damina, amalanke kuma tana kawo kuɗin haya rani da damina. Masu walda na gari suka karɓi ƙirarta. A Illela ma, da wasu manoma suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso a 1989, ƙarƙashin shirin FIDA, suka komo suka kyautata aikin tassa, farfaɗo da fako ya dogara ga kai taki cikin ramuka, da kai duwatsu wurin jera su.

4. Keken hawa da iyaka

Birnin Ƙonni na fuskantar wata Illelar, ta jihar Sakkwato, ƴan kilomita kaɗan a kudu. Ta wannan ƙofa kekunan Raleigh da kayan gyaransu suka riƙa shigowa, har sunan Rali ya zauna a bakin mutane. Malamin makaranta, da mai tallar atamfa, da angon da ya sayar da amfanin gona, duka sun san darajarsa. Da Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, ƙananan hanyoyin daji suka ɗauki ciniki, kuma a wannan zamani ne babur na haya, kabu-kabu, ya kafu a Ƙonni. Daga nan keke ya fara komawa hannun yara da masu ƙaramin ƙarfi.

5. Abin da ya shafi harshe

Haɗin da maƙeran Turai suka kasa yi da ƙarfe, Hausa ta yi shi a baki. Keke dokin ƙarfe ne, wurin zamansa sirdi, ana hawansa kamar yadda ake hawan doki. Tsofaffi na ce masa laulawa. Keke da amalanke kalmomi ne da aka aro daga Yarbanci; basukur da feda da birki da taya daga Ingilishi suke; a bakin wanda ya yi lakwal kuma sunan Faransanci ke fitowa. Mai rubuta littafin manya a Tawa zai tarar da sunaye biyu ko uku ga abu guda, kuma amalanke kanta a wani gari ta shanu ce, a wani garin ta turawa da hannu. Ya kamata a tattara waɗannan sunaye daga bakin masu walda da masu gyaran keke da ƴan amalanke na Ƙonni da Galmi da Badagishiri kafin a tsai da ɗaya a takarda.

Ya kamata kuma darussan su tsaya ga abin da ke ci wa mai dabba tuwo a ƙwarya: yadda ake daidaita kaya bisa gatarin amalanke don kada nauyi ya danne bayan jaki, da shimfiɗar da ke hana gyambo, da lissafin haya da na abincin dabba. Jakin ma ya shiga haɗari saboda cinikin fatarsa zuwa Sin, har Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su domin fata a 2024. Karatun da ya koya wa manomi tsare jakinsa da rubuta kuɗin hayarsa, shi zai sa ya komo aji gobe.