Mutanen Marseille da Shari'ar Ƙwallo ta 1993

Ranar 26 ga watan Mayu, 1993, a birnin Munich na ƙasar Jamus, kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Marseille ya kara da AC Milan na Italiya don neman Kofin Turai. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci sai Abedi Pele, mutumin Gana, ya bugo ƙwallo daga kusurwa, Basile Boli, haifaffen Abidjan, ya yi tsalle ya sa mata kai ta faɗa raga. Da wannan ɗaya tak aka tashi. Tun da aka fara gasar a 1955 babu kulob ɗin Faransa da ya taɓa ɗaukar kofin nan, alhali kuwa marubutan jaridar wasanni ta L'Équipe, a birnin Faris, su ne suka kawo shawarar kafa ta. Daren nan ba a runtsa ba a Marseille.

Abin da masu murna ba su mai da hankali a kai ba shi ne wata 'yar magana da ta taso kwana shida kafin wannan. Ranar 20 ga Mayu Marseille ta je wasan gasar ƙasa a Valenciennes, wani gari na arewacin Faransa, ta ci ɗaya da babu. To, ashe a daren jajiberin wasan wani ɗan ƙwallon Marseille mai suna Jean-Jacques Eydelie ya buga waya masaukin abokan karawarsu, ya haɗa mutum uku daga cikinsu da manajan kulob ɗinsa, Jean-Pierre Bernès. Bukatar ita ce su sassauta ƙafa, don kada a ji wa wani ciwo ga babban wasa na tafe, a kuwa biya su. Christophe Robert da Jorge Burruchaga suka saurara. Na ukunsu, Jacques Glassmann, ya ƙi, ya kai wa mai koyar da su labari, kulob ɗin kuma ya kai kuka wurin alƙalin wasa tun ba a tashi ba. A cikin watan Yuni aka tono faran 250,000, kuɗin Faransa na lokacin, binne a lambun wata 'yar'uwar Robert. A watan Yuli Eydelie ya amsa laifinsa.

Mai karatu zai zaci da kuɗi sun fito daga ƙasa magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin magoya bayan Marseille sun tsaya da kulob ɗinsu da shugabansa Bernard Tapie tsayuwar da ta ba sauran Faransawa mamaki. Wannan tsayuwa ita ce abin da na ke so mu duba, gama a ganina ba wauta ce kaɗai ta kawo ta ba, kuma ba wai ba su ji abin da kowa ya ji ba ne. Abin da suka yi shi ne sun sake tambayar. Mai gabatar da ƙara na Valenciennes, Éric de Montgolfier, yana tambaya, shin an ba da toshiya? Su kuwa suna tambaya, wa ke tuhumarmu, kuma me ya sa sai yanzu?

Ba za a gane ƙarfin wannan tambaya ba sai an san tsohuwar tsamar da ke tsakanin Marseille da Faris. Marseille ta girmi Faris, gama Girkawa ne suka kafa ta a bakin Bahar Rum wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ta daɗe tana tafiyar da al'amuranta da kanta. A 1660 Sarki Louis na Goma Sha Huɗu ya zo ladabtar da ita. Bai shiga ta ƙofa ba, sai da ya sa aka fasa ganuwa ya bi ta ɓarakar, sa'an nan ya gina sansanin Saint-Nicolas a bakin tashar jiragen ruwa, inda igwa za ta iya duban gari kamar yadda ta ke duban teku. A 1794, zamanin juyin juya hali, wakilan Faris sun soke sunan garin ɗungum na 'yan makonni, aka riƙa kiransa birni maras suna. A 1939 kuma, bayan gobarar wani babban kanti da ta ci mutum 73 a shekarar da ta gabata, gwamnati ta karɓe mulkin garin ta ɗora masa kantoma. Daga baya ƙasashen da Faransa ke mallaka suka sami 'yanci, cinikin tashar ya ja baya, masana'antu suka rufe, har ya zama in an ambaci Marseille a jarida ko a majigi, to, labarin 'yan fasa ƙwauri ne, ko na miyagun ƙwayoyi, ko na baƙi.

Cikin wannan hali Tapie ya karɓi kulob ɗin a 1986. Abin dariya, shi kansa haifaffen Faris ne, amma ɗan talakawa, mai kaifin baki, wanda manyan birnin ba su taɓa ɗaukarsa nasu ba, wannan kuwa ya isa ya sa Marseille ta rungume shi. Ya zuba kuɗi, ya sayo gwanaye, suka ci gasar ƙasa sau huɗu a jere, daga 1989 zuwa 1992. Ya kuma yi wata dabara: ya bar wa ƙungiyoyin magoya baya, irin su Commando Ultra da South Winners, sayar da tikitin shekara na kujerun bayan raga a filin Vélodrome. Watau bayan ƙauna har da abinci ya haɗa su da shi. Wani masani, Christian Bromberger, wanda ya yi shekaru yana nazarin 'yan kallon Marseille da na Naples da Turin, ya nuna a littafinsa na 1995 yadda filin ƙwallo ya zama wurin da garin da aka raina ke rama raini.

Saboda haka da jaridu da gidajen telebijin na Faris suka dira a kan maganar, kullum da sabon labari har bazarar 1993 ta ƙare, sai amsar magoya baya ta bi hawa hawa. Da fari suka ce ƙarya ce, hassada ce ta waɗanda suka kasa ɗauko kofi. Da Eydelie ya yi magana wannan hujja ta faɗi, sai suka koma ga cewa ai kowa na yi, wanda aka kama shi ne ɓarawo. A nan suna da abin nunawa. A watan Afrilu, 1990, a Lisbon, wani ɗan wasan Benfica mai suna Vata ya tura ƙwallo raga da hannu, alƙalin wasa bai gani ba, aka fitar da Marseille a wasan kusa da na ƙarshe. Wa ya bi musu hakkinsu ran nan? Hawa na uku shi ne siyasa. Tapie ya yi minista a gwamnatin Shugaba Mitterrand, jam'iyyun dama sun karɓi gwamnati a watan Maris, 1993, kuma kowa ya san yana harin kujerar magajin garin Marseille a zaɓen 1995. Sai aka ce ba ƙwallo a ke shari'a ba, mutum a ke so a karya.

Lalle in ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan jarida da yawa sun rubuta labarin kamar garin ne gaba ɗaya ke gaban alƙali, suna nuna cewa dama halin mutanen kudu ke nan. Mai gabatar da ƙara shi ma bai guji na'urar ɗaukar hoto ba, har Shugaba Mitterrand ya nuna rashin jin daɗinsa da yawan maganarsa. Duk wanda aka zagi garinsu a kan laifin mutum uku ko huɗu, ba wuya ya koma kare mutanen nan. Da Tapie ya fizge na'urar wani ma'aikacin telebijin ya jefa a teku a wannan bazara, da yawa a Marseille gani suka yi an rama musu. Amma duk wannan bai mai da kuɗin nan cikin ƙasa ba. Hujjojin uku ma ba sa zama a inuwa ɗaya, gama wanda ya ce ba a yi ba, ba shi da bakin cewa kowa na yi.

Hukunci ya biyo baya. A watan Satumba, 1993, hukumar ƙwallon Turai ta hana Marseille kare kofinta, ko da ya ke ba ta karɓe shi ba, domin ba a sami aibu a wasan Munich ba. Hukumar Faransa ta ƙwace kambin gasar ƙasa ta 1992 zuwa 1993. Aka miƙa wa Paris Saint-Germain da ta zo ta biyu, ta ƙi karɓa, saboda gidan telebijin na Canal+ da ke da kulob ɗin yana tsoron fushin masu biyan kuɗin kallo na kudu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin magoya bayan nan. A 1994 aka sauke Marseille zuwa rukuni na biyu, bashi kuma ya danne ta, ba ta hau ba sai 1996. Duk da haka filin bai zama kango ba. A zaɓen majalisar Turai na watan Yuni, 1994, jerin 'yan takarar Tapie ya sami kashi 12 cikin ɗari a ƙasa baki ɗaya, a Marseille kuwa ya fi haka nesa.

Da aka zauna shari'a a Valenciennes a watan Maris, 1995, Bernès ya buɗe baki ya ce da umurnin Tapie aka yi. Magajin garin Béthune, Jacques Mellick, wanda ya ba da shaidar zur don ya kare Tapie, asirinsa ya tonu. Bayan ɗaukaka ƙara aka yanke wa Tapie shekara biyu, wata takwas daga ciki a kurkuku, ya kuwa shiga a farkon 1997.

Wanda ya fi ba ni tausayi cikin labarin nan shi ne Glassmann. Shi ne bai karɓi ko anini ba, shi ne kuma aka riƙa yi wa ihu da fito duk sa'ad da ya taɓa ƙwallo, ba a kudu kaɗai ba, har a filayen garuruwan da ba ruwansu da Marseille. Suka sa masa sunan mai tona asiri. Valenciennes ta faɗi rukuni na biyu a kakar nan, garin da shi ma rufe ma'adinan kwal da masana'antar ƙarfe ya talauta shi, amma ba wanda ya ce da shi an zalunce ka. Da yarjejeniyar Glassmann ta ƙare a 1994 ba a sabunta ba, babu kuma babban kulob da ya neme shi. Ya koma wasa a ƙaramin kulob na Maubeuge, daga nan ya tafi tsibirin Réunion, can cikin Tekun Indiya. Hukumar FIFA ta ba shi lambar yabo ta gaskiya a wasa ta 1995. Daga baya ya sami aiki a ƙungiyar 'yan ƙwallon Faransa, yana taimakon waɗanda suka bar wasa su sami sana'a.

Tapie ya rasu ranar 3 ga Oktoba, 2021. Aka kai akwatin gawarsa filin Vélodrome, dubban mutane suka taru suka yi masa ban kwana, aka binne shi a Marseille, ba a garin haihuwarsa ba. A ƙarshen watan Mayu, 2025, Paris Saint-Germain ta ɗauki Kofin Turai, a birnin Munich ɗin nan dai, ta zama ta biyu a Faransa, mutanen Marseille kuwa suka ce su dai ne na farko har abada. A jerin zakarun gasar Faransa, layin kakar 1992 zuwa 1993 har yanzu babu sunan kowa a kansa.