Gadar masu ƙafa da kekuna a kan kogi

Gadar masu ƙafa ita ce wadda ake ginawa domin mutane da kekuna kaɗai, ban da motoci. Da yake nauyin da take ɗauka bai kai na gadar mota ba, kuɗin gina ta ma yakan yi sauƙi.

A cikin birnin Kano, ruwan da ya raba unguwanni shi ne Jakara, wanda ya bi ta gefen Kasuwar Kurmi, ya fita daga birni har ya zuba a madatsar ruwa ta Wasai.

Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta 2011 zuwa 2015 ta fara aikin rufe shi da titin Wuju-Wuju. Daga baya gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta gina gadar sama a Ƙofar Mata, amma wannan ta motoci ce.

A karkara kuwa, inda ruwa ya fi faɗi, jama'a da dama sun dogara ne da kwale-kwale. A watan Nuwamban 2021 aƙalla mutum 29, akasarinsu 'yan makarantar Islamiyya, suka rasu bayan da jirginsu ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai.

Abin da ake dubawa

Kafin a fara aiki, injiniyoyi kan auna iyakar da ruwa yake kaiwa idan damina ta yi ƙarfi, domin a ɗaga gadar sama da haka. Sukan kuma gwada ƙasar gaɓar kogi, saboda ruwa na zaizaye gindin ginshiƙai.

Idan masu keke za su hau, ana yi mata gangare maimakon matakala, abin da kan taimaki tsofaffi da masu tura baro.

Sai kuma batun cunkoso. A watan Yunin 2000 aka buɗe gadar Millennium mai tsawon mita 325 a kan Kogin Thames a London, amma bayan kwana biyu aka rufe ta saboda tana lilo. An gano cewa da ta ɗan motsa sai mutane su daidaita takunsu da motsin, lilon kuma ya ƙaru. Sai a watan Fabrairun 2002 aka sake buɗe ta, bayan an sanya mata na'urorin rage girgiza.

A garin Morbi na Indiya lamarin ya fi muni. A watan Oktoban 2022 wata tsohuwar gadar masu ƙafa ta tsinke cike da jama'a, kwanaki kaɗan bayan an yi mata gyara, kuma aƙalla mutum 135 suka mutu.

Shi ya sa ake lissafin ƙarfin irin wannan gada da ranar da ta fi cika, kamar ranar kasuwa ko ta Sallah, kuma ake ci gaba da duba ta bayan an buɗe.