Wa Ke Kashe Yaran Ƙasar Zinare? Tarihin Haƙa da Mutuwa a Zamfara

A watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar MSF da ke zagaya ƙauyukan Zamfara suna bibiyar cutar sanƙarau suka ci karo da abin da ba shi suka fito nema ba. A 'Yargalma ta ƙaramar hukumar Bukkuyum da Dareta ta ƙaramar hukumar Anka, yara ƙanana ne ke mutuwa bi da bi. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya daina wasa, sai jijjiga ta kama shi, kafin a ankara rai ya yi halinsa. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an gwada na sanƙarau, ba abin da ya sauya. Manya kuwa suna ta harkokinsu kamar ba komai. Wace irin annoba ce ke tsallake uba da uwa ta ɗauki ɗan goye?

Amsar wannan tambaya tana cikin tarihin zinaren yankin, kuma tarihi ne da ya shafi mutanen Sakkwato kai tsaye. Har zuwa 1 ga Oktoba 1996 Zamfara cikin jihar Sakkwato take. Tureta, maƙwabciyar Shagari da Bodinga, iyaka ɗaya take da Zamfara. Saurayin wannan yanki da ya gama girbi ya ɗauki jakarsa zuwa cin rani, ramin zinare na ɗaya daga cikin wuraren da za su iya jan hankalinsa.

Daga Turawa zuwa 'yan diga

Zinaren arewa maso yammacin Nijeriya yana kwance ne cikin jijiyoyin farin dutse da suka ratsa tsofaffin duwatsun Anka da Maru da Birnin Gwari da Zuru. A zamanin Turawan mulkin mallaka, tun daga 1913 aka fara rubuta adadin zinaren da ake fitarwa a Nijeriya. Harkar ta bunƙasa a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye kuma darajar zinare ta tashi, sannan ta durƙushe a Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanoni suka kwashe kayansu suka bar ramuka. Da man fetur ya zo, sai gwamnati ta juya wa ma'adinai baya. Shekara da shekaru ba wanda ke taɓa zinaren sai manomi da ke wanke yashin rafi da rani, ya samu na cefane.

Kasuwar duniya ce ta tayar da harkar. A 2001 ana sayar da oza ɗaya na zinare ƙasa da dala 300. A 2008 ya haura dala 1,000, a 2011 ya kai wajen dala 1,900. Manomin da gero da auduga ba sa kai shi ƙarshen shekara ya ga maƙwabcinsa ya sayi babur da kuɗin buhunan dutse, ya yi wa gida rufin kwano. Sai kowa ya ɗauki diga da shebur. Baƙi suka kwararo daga Katsina da Sakkwato da Kabi da Jamhuriyar Nijar, dillalai suka biyo su da sikeli.

Doka ta ce duk arzikin ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi a yi wa ƙananan masu haƙa rajista a matsayin ƙungiyoyin gama kai. A takarda ke nan. A bakin rami kuwa babu jami'in da ke duba abin da ake fitarwa, babu asibiti, babu ofishin 'yan sanda na kirki. Haka garuruwan zinare ke tashi a ko'ina. Bayan an gano zinare a Kalifoniya ta Amurka a 1848, San Faransisko ta tashi daga mutum kusan 1,000 zuwa wajen 25,000 cikin shekara biyu, har a 1851 mazauna garin suka kafa kwamitin 'yan sa-kai suna rataye waɗanda suke zargi. A Jado ta arewacin Nijar ma, dubban mutane suka cika hamada a 2014, sai a 2017 gwamnati ta rufe wurin. Jama'a da kuɗi kan riga hukuma isa.

Makashin da ke cikin turmi

Dutsen zinare ba ya ba da abin da ke cikinsa sai an daka shi ya zama gari. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maza kan kawo buhunan dutse gida. Mata su farfasa shi da guduma ko su daka a turmi a tsakar gida, goyo a baya. A kai shi injin niƙa, irin wanda ake niƙa dawa da masara, ƙura ta turnuke unguwa. A wanke garin a bakin rijiya ko kududdufi, a zuba masa zaiba ta kama zinaren, a ƙona zaibar ta tashi, ɗan dunƙulen zinare ya rage. Buhun da aka juye dutse kuma a shimfiɗa shi yaro ya kwanta, ko a shanya hatsi a kansa.

Abin da masu haƙar ba su sani ba shi ne, jijiyar da suka faɗa wa a wancan lokaci cike take da dalma. Dutse ne mai ƙyalli, dangin wanda ake yin tozali da shi. Ƙurarsa ta sauka a ƙasar ɗaki da ta tsakar gida. Yaro mai rarrafe yana sa hannu a ƙasa ya kai baki, kuma hanjin yaro ya fi na babba tsotsar dalma nesa ba kusa ba. Daga jini take hawa ƙwaƙwalwa. Dalilin da ya sa mutuwar ta zaɓi yara ke nan.

Gano hakan bai zo da sauƙi ba. Wasu magidanta sun ɓoye adadin yaran da suka rasa, don tsoron kada gwamnati ta hana haƙa ta toshe musu hanyar abinci. Likitocin suka lura da injinan niƙa da tulin dutse a gidaje, suka ɗebi jinin yara aka aika ɗakin gwaji a Jamus. Sakamako ya nuna gubar dalma. Masana daga hukumar CDC ta Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shigo tare da ma'aikatar lafiya. Binciken gida-gida a Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin shekara ɗaya, ɗaya cikin kowane yaro huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu. Na'urar gwajin jini da suka zo da ita ba ta iya karanta abin da ya wuce maikirogiram 65 a kowace desilita, kuma mafi yawan yaran sun zarce wannan iyaka, alhali daga 45 ake fara ba da magani. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, a lokacin da ma'aunin Amurka na filin wasan yara yake 400.

A watan Yuni 2010 gwamnatin tarayya ta sanar da mutuwar mutum 163, 111 daga cikinsu yara. Daga baya ƙiyasi ya kai yara 400, dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu, wasu sun makance, wasu ƙwaƙwalwa ta taɓu har abada.

Magani kaɗai ba ya isa, domin yaron da aka wanke wa jini in ya koma gida mai guba aikin banza aka yi. Sai aka fara da ƙasa. Cibiyar Blacksmith da kamfanin TerraGraphics suka jagoranci mutanen gari suna kankare saman ƙasar gidaje da fartanya, a zuba a buhu, a binne a rami nesa da gari, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Sarakuna suka ba da umarnin a fitar da niƙa daga cikin gari. Ƙauyuka bakwai aka share tsakanin 2010 da 2011, ciki har da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma kuma ta fi su gurɓata, ta yi ta jira. Sai da matasan Follow The Money da ƙungiyar Human Rights Watch suka matsa lamba kafin gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a Janairu 2013. Darasin bai yi nisa ba: a 2015 irin wannan guba ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Makashi na biyu

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rashin hukumar da ya bar dalma ta shiga gidaje shi ya bar bindiga ta shiga daji. Rikicin Zamfara bai faro daga zinare ba. Ya faro ne wajen 2011 daga satar shanu, da rigimar burtali da gona, da ɗaukar fansa tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya. A Afrilu 2014 aka kashe mutum fiye da 100 a 'Yar Galadima ta ƙaramar hukumar Maru. Amma dabar haƙa wuri ne da tsabar kuɗi da zinare ke hannun mutanen da ba mai tsaronsu, kuma zinare kaya ne da ake sa wa a aljihu a tsallaka iyaka.

A Yuli 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya je Dansadau ya ƙaddamar da farmakin soja mai suna Harbin Kunama. Wata huɗu bayan nan, a farkon Nuwamba, mahara a kan babura suka faɗa wa masu haƙar zinare a yankin Bindin na Maru, suka kashe mutum 36. Sannu a hankali harin ya rikiɗe ya zama haraji: ana biyan masu bindiga kafin a shiga rami, a wasu wurare ma su ke riƙe da ramin. A Afrilu 2019 muƙaddashin Sufeto Janar na 'yan sanda Mohammed Adamu ya sanar da haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, yana cewa akwai alaƙa tsakanin masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba da 'yan bindiga. A Maris 2021, bayan sace ɗaliban makarantar Jangebe, aka hana jirage shawagi a samaniyar jihar. Kashe-kashen bai tsaya ba, haƙar ma ba ta tsaya ba. Abin da haramcin haƙar ya yi shi ne korar mai tsoron doka, ya bar fili ga wanda ba ya tsoronta. A Disamba 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya ɗage haramcin.

Bambancin kisan biyu a fili yake. Na farko an gano musabbabinsa cikin 'yan makonni, domin an samu masu bin sawu gida-gida, suna auna ƙasa, suna ƙirga yara, suna rubutawa. Na biyu yana buƙatar irin wannan bin sawu a kan zinaren kansa: wa ya haƙo, wa ya saya a bakin rami, ta wace hanya ya fita, wa ya karɓa a Dubai. Muddin ba a bi wannan sawu ba, mai riƙe da bindiga kaɗai za a riƙa gani, mai riƙe da sikeli yana gefe.

A Oktoba 2025 ozan zinare ya haura dala 4,000, fiye da ninki uku na farashin da ya cika Bagega da baƙi. Ba wa'azin da zai hana matasa zuwa rami a wannan farashi. Abin da tarihin ya koyar, kuma yake hannun talaka, shi ne kada dutse ya shiga gida, a niƙa shi da ruwa nesa da gari, mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya ɗauki ɗansa. Rajistar masu haƙa da kasuwar saye ta fili kuwa, nauyi ne da doka ta ɗora wa gwamnati tun 2007, tsaron dabobi ma nata ne.