Daga Wayar Tangarahu Zuwa 112: Tarihin Kiran Gaggawa a Minna

A ci gaba da kawo muku tarihin garinmu, yau za mu duba yadda mutanen Minna suke neman ɗauki idan gobara ta tashi ko hatsari ya auku.

Jirgin ƙasa ne ya raya Minna. Layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ya ratsa ta nan, kuma a nan ya haɗu da wanda ya taso daga Legas. Wayar tangarahu tana bin layin, amma ta hukuma ce da ma'aikatan reluwe. Talaka kuwa sai dai ya yi kururuwa, maƙwabta su fito da bokitai.

Ko bayan da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, aka kuma kafa NITEL a 1985, wayar tarho ta ofisoshi ce da gidajen masu hali. Kafin 2001, layukan da ke aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Dole wani ya hau keke ko babur ya je ya sanar da 'yan kwana-kwana. Su jami'ai suna da wayar oba-oba: mutum ya danna, ya yi magana, abokan aikinsa su ji nan take. Sai dai kowace hukuma da tashar da take magana a kai.

Zuwan wayar salula a 2001 ya sa waya a hannun jama'a, amma wa zai tuna doguwar lamba yana cikin firgici? Landan ta magance wannan tun 1937 da lambar 999, Amurka ta bi da 911 a 1968. A nan gida, dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa hukumar NCC samar da lambar gaggawa, aka tsayar da 112. Abin alfahari, Minna da Awka ne aka zaɓa don gwajin cibiyoyin farko. Kiran kyauta ne, ko babu kati. Ma'aikacin cibiya zai ɗauka, ya miƙa batun ga 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, motar asibiti ko jami'an kiyaye haɗurra, waɗanda su ma suke da lambarsu, 122.

A yau injiniyoyi suna ƙera manhajojin da ke mayar da wayar hannu tamkar oba-oba ta intanet, murya ta isa ba jinkiri. Raunin wannan tsari shi ne ya dogara da sabis. Da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, kowa ya ga dalilin da ya sa jami'ai ba su jefar da oba-oba ba.

Fashewar tankar mai a mahaɗar Dikko a Janairun 2025, da ambaliyar Mokwa a watan Mayu na shekarar, sun tuna mana darajar minti ɗaya. Don haka mu hana yaranmu kiran 112 da wasa, domin suna tare layin mai neman ceto. Idan mun kira, mu natsu mu faɗi abin da ya faru, da unguwa, Bosso ce ko Kpakungu ko Chanchaga, da kwatance bayyananne.

Allah Ya tsare mu baki ɗaya, amin.

Sakataren Ƙungiya